Harsashi mai araha da ke faɗa inda aka saita: yadda masu harbin allo suke zaɓe

A gasar harbin raifal ta mita 50, irin wadda ake yi a wasannin Olamfik, da'irar tsakiyar allo mai maki goma faɗinta milimita 10.4 ne, kusan faɗin farcen ƙaramin yatsa. Ƙwayar harsashin da ake harba mata, wato .22 LR, kaurinta milimita 5.6. Mai neman lambar yabo a nan dole ya sayi harsashin da kowane ɗaya yake tamkar ɗan'uwansa, kuma irin wannan yakan ninka farashin na yau da kullum sau huɗu ko biyar. To amma galibin masu zuwa filayen harbi a Amurka, Jamus, Finlan ko Ingila ba lambar yabo ce ta kai su ba. So suke hannunsu ya faɗa, hannu kuwa ba ya faɗawa sai da harbi dubbai a shekara. Idan harsashi ya yi tsada, harbin zai ragu. Idan kuma ya yi arahar da yake watsewa ko'ina a allo, mai koyo ba zai gane ko laifinsa ne ko na harsashin ba, sai ya shiga gyara tsayuwarsa da riƙonsa alhali lafiyarsu ƙalau. Wannan ya fi asarar kuɗi ciwo.

Maganar nan ta ƙasashen da harbin allo yake wasa ne mai ƙungiyoyi da filaye masu rajista, inda mai lasisi yake shiga kanti ya zaɓi kwalin da ya ga dama. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ba ta yarda mutum ya mallaki harsashi ba sai yana da lasisin bindigar da take cinsa, saboda haka mai sha'awar wasan a gida ta hanyar lasisi da ƙungiyar harbi zai bi.

Abin da ake aunawa

Masu harbi ba sa auna kyawun harsashi da kusancinsa da tsakiyar allo. Wannan aikin saiti ne, ana murza madubin hange a gyara shi cikin minti biyu. Abin da ake aunawa shi ne yadda hujojin suka taru wuri ɗaya, wato gungu. Ana ɗaukar hujoji biyu da suka fi nisa da juna, a auna daga bakin wajen wannan zuwa bakin wajen wancan, sannan a cire kaurin ƙwaya ɗaya. Abin da ya rage shi ne girman gungun daga tsakiya zuwa tsakiya.

Ma'aunin da aka fi ji a bakinsu shi ne MOA, kashi ɗaya cikin sittin na digiri ɗaya. A yadi 100 ya ɗan haura inci ɗaya, a mita 100 kusan santimita 2.9 ne, a mita 50 rabin haka. Idan aka ce harsashi yana yin MOA ɗaya a wata bindiga, ana nufin gungunsa a mita 100 bai wuce santimita uku ba.

Akwai wani lissafi da ya kamata kowa ya yi kafin ya zaro kuɗi. Kurakuran harbi ba haɗa su ake yi kai tsaye ba. Kowanne ana ninka shi da kansa, a tara, sannan a ɗauki tushen jimillar. A ce mai harbi a tsaye yake, babu madogara, hannunsa yana yawon MOA 6. Da harsashi mai MOA 2, gungunsa zai zama kusan 6.3. Ya biya ninki huɗu ya sayi mai MOA 1, gungun ya koma kusan 6.1. Bambancin nan ko da ma'auni da ƙyar za a gan shi. Yanzu a ce ya kwanta ruf da ciki, ya ɗora bindigar a kan ƙafafunta da jakar yashi a baya, yawon hannunsa ya dawo MOA 1. Harsashi mai MOA 2 zai ba shi kusan 2.2, mai MOA 0.7 kuma kusan 1.2. Nan kam kuɗin ya yi aiki. Saboda haka tambayar farko ita ce wane irin atisaye za a yi da harsashin, kuma a wane nisa. Mai koyon harbin tsaye da guiwa a ƙasa yana iya ƙona mai araha hankalinsa kwance. Mai koyon karanta iska a kan benci yana buƙatar harsashin da ya fi shi iya harbi, don duk abin da ya kauce ya san iska ce ko shi.

Ƙaramin harsashi, .22 LR

Babu inda ake samun harbi mai yawa da kuɗi kaɗan kamar a nan. Tun 1887 ake yin wannan harsashi, ba ya dukan kafaɗa, ƙararsa kaɗan ce, kuma bututun bindigarsa yakan ci dubban gomomi bai gaji ba. Sai dai shi ne kuma ya fi wuyar yi daidai. Makunninsa ba a tsakiyar gindin kwanso yake ba. Ana zuba maganin kunnawa yana da danshi, a watsa shi cikin lanƙwasar bakin gindin kwanson. Albarushin ciki ɗan mitsitsi ne, don haka maganin kunnawar kansa yana da kaso a ƙarfin da yake tura ƙwayar. Idan ya taru a gefe ɗaya ya yi ƙaranci a wani, gudun harsashin zai canja, wani lokaci ma allurar bindiga ta daki inda babu magani, harsashin ya ƙi tashi.

Ga abin da canjin gudu yake yi. Ƙwaya mai nauyin giren 40, wato gram 2.6, da ta fita da gudun mita 325 a daƙiƙa tana isa mita 50 cikin kusan kashi 16 cikin ɗari na daƙiƙa, kuma a wannan ɗan lokaci ƙasa ta janyo ta kusan santimita 12 da rabi daga layin bututu. Idan harsashi biyu suka bambanta da mita 10 a daƙiƙa, ɗaya zai faɗa ƙasa da ɗan'uwansa da kusan milimita 7. A mita 100 tazarar ta kai santimita 3. Shi ya sa gungun harsashi maras kyau yakan miƙe sama da ƙasa kamar tsayuwar sanda. Mai na'urar auna gudu zai ga dalilin a lambobi, wanda ba shi da ita kuma siffar gungun ta ishe shi shaida.

Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne ɗaukar kwalin da aka rubuta wa gudu mai yawa, yana ganin mai sauri shi ne mai kyau. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa idan zafin iska digiri 20 ne. Harsashi mai saurin gudu, irin CCI Mini-Mag da ke fita da ƙafa 1,235 a daƙiƙa, wato kusan mita 376, yana barin bututu ya fi sauti gudu, sannan ya rage ya ratsa iyakar sautin kafin ya isa allo. A wannan ratsawa iska tana jijjiga ƙwayar. Abin da ya fi ba mutane mamaki kuma, iskar gefe ta fi kautar da shi fiye da mai tafiya a hankali, domin abin da ke kautar da ƙwaya shi ne yawan gudun da ta yi asara a hanya, kuma jan iska yana ƙaruwa sosai a kusa da gudun sauti. Saboda haka galibin harsasan gasa ana yin su ƙasa da sauti: Eley Tenex ƙafa 1,085, Lapua Center-X 1,073, CCI Standard Velocity 1,070. Mai neman araha da daidaito a wannan sahu zai tsaya, mai ƙwayar dalma giren 40 maras rami a baki. Murɗin bututun .22 da aka saba, wato layukan da aka sassaƙa a cikinsa masu sa ƙwaya ta riƙa juyawa, zagaye ɗaya a inci 16, don wannan ƙwaya aka yi shi.

Akwai matakai uku a kasuwa. Na ƙasa shi ne na zube, ɗari uku zuwa ɗari biyar da ɗoriya a kwali ɗaya ko bokiti, suna gogar juna. Dalma tana da laushi, ƙwayoyin suna lotsewa, wasu suna girgiɗi a bakin kwanso. Ya isa harbin gwangwani a mita 25, daga nan bai kamata a ɗora masa buri ba. Na sama su ne Eley Tenex na Ingila, Lapua X-Act da Midas+, da RWS R50 na Jamus. Tsakiyar ce inda hankalinmu yake: CCI Standard Velocity da ake yi a Lewiston ta jihar Idaho, SK Standard Plus da SK Rifle Match daga Schönebeck a Jamus, Eley Club, RWS Rifle Match, da na Aguila ta Meziko mai matsakaicin gudu. Kowane harsashi a cikinsu yana da raminsa a farantin roba, ba ya taɓa ɗan'uwansa.

Sirrin da ya kamata mai saye ya riƙe shi ne manyan kamfanonin nan sukan yi harsashi tukuna, su gwada shi, sannan su ba shi suna. Zubin, wato rukunin harsashin da aka ƙera a lokaci ɗaya, da ya fi kyau a gwajinsu ya tafi kwalin mai tsada, wanda ya biyo baya ya shiga kwali na biyu. Haka Tenex da Eley Match suke, haka X-Act da Midas+ da Center-X. Amma da bututunsu suka gwada, ba da naka ba. Kowane bututu yana kaɗawa idan an harba, kamar sandar ƙarfen da aka buga, kuma inda bakinsa yake a daidai lokacin da ƙwaya ta fita shi ne yake nuna inda za ta nufa. Zubin da ya zo na biyu a masana'anta yana iya zama na ɗaya a bindigarka. Wannan ne dalilin da Eley take da wurin gwaji a kusa da Birmingham, Lapua kuma a Schönebeck da Mesa ta jihar Arizona, inda ake ɗaure bindigar mutum a matsewa, a harba mata zubi daban-daban, ya sayi wanda ta fi so. Wanda ba zai iya zuwa can ba yana iya yin ƙaramin irin wannan gwaji da kansa.

Yadda ake gwaji ba tare da yaudarar kai ba

Sai an gwada akan san na ƙwarai, amma gwajin ma yana da ƙa'ida. A sayi kwali biyu biyu, wato harsashi ɗari, daga iri huɗu ko biyar. A rubuta lambar zubin da ke jikin kowane kwali, domin ita ce ainihin sunan abin da ake gwadawa. Kafin a harba ko ɗaya, a duba bindigar: kusoshin da suka ɗaure ƙarfenta da katako a matse suke daidai yadda kamfani ya ce, zobban madubi ba sa motsi, bututu ba ya taɓa katako inda bai kamata ba. Harsashi da yawa an zage shi a banza alhali kusa ɗaya ce ta saki.

A zaɓi safiya da iska ta kwanta, a kafa ƙyalle biyu ko uku a kan sanduna tsakanin benci da allo, a riƙa harbi sa'ad da suka nuna yanayi iri ɗaya. Gaban bindiga a kan madogara, bayanta a kan jakar yashi, kunci da kafaɗa su riƙa danna ta da nauyi ɗaya kowane harbi. Ga .22 mita 50 ne nisan gwaji, domin a mita 25 kusan kowane harsashi yana yin kyau, bambancin ba ya fitowa.

A nan .22 yana da wata ɗabi'a tasa. Ƙwayarsa a waje ake shafa mata maiƙo, kuma kowane kamfani da nasa: na Eley da SK yana da santsi har ya kama yatsa, na CCI kaki ne mai bushewa. Idan aka canja iri, sai maiƙon sabon ya lulluɓe cikin bututu kafin harbin ya zauna. Harbi goma zuwa ashirin na farko a zubar da su a gefen allo, kada a ƙirga. Wanda ya harba biyar daga wannan kwali, biyar daga wancan, cakuɗin maiƙo kawai ya gwada.

Sai babbar matsala, yawan harbi. Gungun harbi uku ƙarya yake yi. Harsashi mafi muni ma yakan haɗa uku a rami ɗaya idan aka yi ta maimaitawa, sai mai shi ya yanke takardar ya adana, ya manta da sauran tara da suka watse. Lissafi ya nuna cewa da bindiga ɗaya da harsashi ɗaya, gungun harbi goma yakan fi na harbi uku girma da ɗan fiye da rabi, ya fi na harbi biyar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Don haka ba a kwatanta gungun uku na wani da gungun goma na wani. Mu dai muna ganin mafi ƙarancin abin dogaro shi ne gungu biyar na harbi goma goma ga kowane iri, a ɗauki matsakaicinsu. Harbin da ya fita shi kaɗai ya kauce, kada a goge shi sai idan mai harbin ya faɗa da bakinsa cewa ya fizgi kunama tun kafin ya leƙa allo. Wannan kaucewar ce fa ake biyan kuɗi don a rabu da ita. Harsashi mai araha sau da yawa tara cikin gomansa suna yin kyau kamar mai tsada, na goman ne yake nuna farashinsa. Idan iri biyu suka bambanta da milimita ɗaya ko biyu bayan harbi hamsin, a ɗauke su kunnen doki, a sayi mai araha.

Wasu sukan zauna da sikeli da ma'aunin kaurin gindi suna ware harsashin zube gida-gida. Yakan fitar da wanda ya lotse ko wanda nauyinsa ya yi nisa da na sauran, amma ba ya ganin yadda maganin kunnawa ya kwanta a ciki, kuma nan cutar take. Awannin da za a ɓata sun fi ƙarin kuɗin kwalin SK tsada.

Manyan harsasai masu makunni a tsakiya

Idan aka koma .223 Remington, .308 Winchester ko 6.5 Creedmoor, farashin harbi ɗaya yana ninkuwa sau da yawa, kuma abin da ya fi raba mai kyau da maras kyau shi ne ƙwayar. Mafi araha ita ce irin ta soja, wadda rigar jan ƙarfe ta rufe bakinta aka bar gindinta a buɗe ana ganin dalma. Ƙwayar gasa, irin Sierra MatchKing, akasin haka ake yin ta: rigar tana rufe gindi, a tattaro ta a baki ta bar ɗan ƙaramin rami. Amfanin wannan shi ne gindin yana fitowa sumul kuma daidai. A daidai lokacin da ƙwaya take barin bakin bututu, iskar albarushi tana fesowa ta kewaye gindinta, kuma idan gefe ɗaya ya riga ɗaya fita ko da kaɗan ne, sai ta ture ta. Ƙwayar da bakinta ya ɗan lotse tana iya faɗawa cikin gungu, mai karkataccen gindi kuwa ba ta faɗawa.

Harsashin soja na 5.56, ɗan'uwan .223, da ake kira M193 mai giren 55 yakan yi MOA biyu zuwa uku a bindigogi da yawa, kuma wannan ya isa atisayen tsaye da saurin canja allo a yadi 100. M855 mai koren baki, giren 62, ya fi shi watsewa a mafi yawan lokuta, domin cikinsa gida biyu ne, ƙarfe a gaba dalma a baya, kuma da wuya su zauna daidai tsakiya. Filaye da yawa ma sun hana shi saboda yana lalata allunan ƙarfe. Ko an same shi da araha, ba na mai neman ƙaramin gungu ba ne.

Kafin a sayi mai nauyi, a san murɗin bututu. A .223, murɗi ɗaya a inci 12 yana riƙe ƙwayar giren 55, ɗaya a inci 9 yana kaiwa kusan giren 69, mai giren 77 kuma yana son ɗaya a inci 8 ko 7. A gaskiya tsawon ƙwayar ne yake neman murɗin, nauyi alama ce kawai ta tsawo. Idan murɗin bai isa ba, ƙwayar tana tangaɗi a iska, har a ga huji dogo a takarda maimakon zagaye, alamar ta shiga a kaikaice. Wanda ya sa harsashin gasa mai giren 77 a bututun ɗaya a 12 ya biya kuɗi mai yawa don ya sami gungu mafi muni. Auna murɗi ba wuya: a sa tsumma mai matsewa a sandar wanke bututu, a yi wa sandar alama, a tura ta a hankali, a auna inci nawa ta shiga kafin alamar ta zagayo sau ɗaya.

A .308, Federal Gold Medal mai ƙwayar MatchKing giren 168 ya daɗe yana zama ma'aunin da ake gwada bindiga da shi: idan ta ƙi yin kyau da shi, akan fara zargin bindigar. Yana da kyau a sayi kwali biyu don a san iyakar abin da bindigar za ta iya, sannan a nemi mai araha da ya kusanto shi. Irin waɗannan sun haɗa da harsasan gasa na Prvi Partizan ta Sabiya, Sellier & Bellot ta ƙasar Cek, GGG ta Lituweniya da ke ɗora ƙwayar Sierra, da Hornady American Gunner. Ƙwayar 168 ɗin tana da iyaka: bayan kusan yadi 800, idan gudunta ya sauko kusa da na sauti, takan rasa natsuwa, don haka masu harbin yadi 1,000 suke komawa giren 175.

Harsashi mai kwanson ƙarfe na Rasha, irin Tula da Wolf, shi ne ya kasance mafi araha a Amurka shekaru da yawa, har gwamnatin ƙasar ta sanar da hana ba da sabon izinin shigo da harsashin Rasha a watan Agustan 2021. Arahar tasa ma da sharaɗi take. Rigar ƙwayarsa yawanci ƙarfe ce da aka shafa wa jan ƙarfe, tana cin bututu da sauri, tana kuma tayar da tartsatsi idan ta daki dutse ko ƙarfe. Maganaɗisu yana tona ta: idan ya kama bakin ƙwaya, akwai ƙarfe a ciki, kuma da shi masu filaye suke bincike a ƙofa. Tsofaffin harsasan soja da aka yi gwanjonsu kuma wasu makunninsu yana barin gishiri a bututu. Gishirin yana jan danshi, tsatsa ta kama cikin kwana ɗaya ko biyu. Mai ba ya narkar da shi, sai an wanke da ruwa, a busar, sannan a shafa mai, kuma a ranar da aka yi harbin.

Bututu ma kuɗi ne da ake ƙonawa a kowane harbi. Na .308 yakan kai harbi dubu biyar ko fiye kafin gungu ya fara buɗewa, na 6.5 Creedmoor, wanda Hornady ta fito da shi a 2007, yakan gaji tsakanin dubu biyu da dubu uku a hannun 'yan gasa. Wannan ne ya sa da yawa cikinsu suke ajiye bindigar .22 mai siffa da nauyin babbar, su yi yawancin atisaye da ita. Harba .22 a mita 200 yana koyar da karanta iska da lissafin faɗuwar ƙwaya irin yadda babbar take yi a nisa mai yawa.

Abu biyu ba a sassauta musu saboda araha. Harsashin 5.56 na soja yana shiga bindigar da aka rubuta wa .223 Remington, amma maƙogwaron bututun .223, wato ɗan filin da ke gaban ƙwaya kafin murɗi ya fara, ya fi gajarta, matsin wuta yana iya haurawa, kuma hukumar SAAMI da ke tsara ma'aunin harsasai a Amurka ta yi gargaɗi a kai. Abin da aka buga a jikin bututu shi ake bi. Na biyu, harsashin da wani ya ɗura da hannu a gidansa ya zuba a leda yana sayarwa, ba a san abin da ke ciki ba. Ɗura harsashi da kai sana'a ce mai kyau, tana rage kuɗin harsashin gasa ƙwarai tunda kwanson tagulla yana komawa aiki sau da yawa, amma sai da littafin ma'auni na kamfanin albarushi, da sikeli, da mai koyarwa. Kuma ko da harsashin kanti ne, idan harbi ya fita da ƙara mai rauni ko bindiga ba ta motsa yadda ta saba ba, a tsaya, a cire harsashi, a leƙa bututu ta baya. Ƙwaya tana iya maƙalewa a ciki, harbi na gaba ya kumbura bututun ko ya fasa shi. Idan an ja kunama bai tashi ba, a bar bakin bindiga yana kallon allo daƙiƙa talatin kafin a buɗe.

Saye da ajiya

Farashin kwali yana ruɗi, tunda wani 20 ne a ciki, wani 50, wani 500. A raba jimillar kuɗi, har da na aikowa da haraji, da yawan harsashi, a sami farashin harbi ɗaya. Harsashi kaya ne mai nauyi, kuɗin aiko kwali biyu yana iya cinye rangwamen gaba ɗaya.

Da zarar gwaji ya nuna zubin da bindiga take so, a koma a saye shi da yawa kafin ya ƙare, kuma a faɗa wa mai kanti lambar zubin, suna kaɗai bai isa ba. A .22 ƙunshin kwali goma 500 ne, katan kuma 5,000. Zubi na gaba mai suna ɗaya yana iya sauka wani wuri a allo, ya sa a sake saiti da gwaji. Saye da yawa lokacin da kasuwa take kwance yana kuma kare mutum daga irin ƙarancin da Amurka ta gani daga 2013, sa'ad da .22 ya ɓace daga kantuna shekaru, da kuma na 2020 zuwa 2021, lokacin da annobar korona ta haɗu da durƙushewar kamfanin Remington, farashi ya yi tashin gwauron zabo.

Wanda ya sayi dubu biyar sai ya iya ajiyarsu. Akwatin ƙarfe mai roba a murfi, da ƙunshin maganin tsotse danshi a ciki, a ɗaki mai sanyi, a kulle, nesa da yara. Harsashin .22 ya fi saurin lalacewa domin ƙwayarsa ba ta toshe bakin kwanso sosai, danshi da mai suna iya shiga, zafi kuma yana narkar da maiƙon jikinsa. Kwalin da ya wuni a bayan mota cikin rana ba zai harba kamar wanda ya fito daga inuwa ba, ko a manyan harsasai zafin yana ƙara gudu, gungu ya hau sama. Sanyi ma yana da nasa aikin: a digiri sifili gudun sauti yana saukowa kusan mita 331 a daƙiƙa, sai harsashin da yake ƙasa da sauti a lokacin zafi ya fara taɓa iyakar, ana jin wani yana fita da ƙara mai kaifi wani babu, maiƙo kuma ya daskare. Domin haka Lapua take yin Polar Biathlon musamman ga masu gasar gudu a kan ƙanƙara da harbi. A filin harbi a ajiye kwali a inuwa, a rufe, kada a bar harsashi ya daɗe a cikin bututu mai zafi kafin a harba, kuma a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci, domin ƙurar dalma tana manne wa yatsu.